Jaririyar Baba Direba

Maman Tsana tana cikin tura auduga a ƙafar wata 'yar tsana da gindin fensir, allura a bakinta, sai ta ji sallama a ƙofar falo. Ta amsa ta hanci, don in ta buɗe baki allurar ta faɗa cikin tsummoki, to sai dai wani ya gano ta da tafin ƙafarsa. Maigidanta ya sha gano su a haka, shi ya sa yanzu ko ruwa zai ɗauko sai ya zura takalmi.

Falon nan dai suna ne kawai ya rage masa. Keken ɗinki ya cinye gefen taga, buhunan ƙyallen da take karɓowa wurin teloli sun tare bayan ƙofa, kujeru kuwa 'yan tsana ne zaune a kansu, wata ba kai, wata ba hannu, suna jiran a gama su a kai wa mai shagon kayan yara. Yaran layi ne suka laƙaba mata Maman Tsana, tun tana zare musu ido har ta gaji ta fara amsawa.

Mai sallamar Baba Direba ne, dattijon ƙarshen layi, wanda ya tsufa yana jan motar haya har ido ya ce masa ya isa haka. Ta kwashe 'yan tsana daga kujera ta ba shi wuri, suka gaisa, ta tambayi jikin Inna, matarsa.

"Jiki da sauƙi," in ji shi. "Kan ne dai sai addu'a." Ya cire hularsa ya shiga juya ta a hannu. "'Yata, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. 'Yar tsana nake so ki ɗinka min."

"Ta jika ce, Baba? Wace kala take so?"

"Ta Innarku ce."

Kowa a layin ya san Inna ta fara rikicewa, amma Maman Tsana ba ta san abin ya kai inda ya kai ba sai da ya warware mata. Kullum da la'asar Inna sai ta miƙe ta ɗauki mayafi, wai ta bar jaririyarta a wani wuri tana kuka. Jaririyar kuwa ita ce babbar 'yarsu, wadda yanzu ita ma har ta yi jikoki. Jiya gyangyaɗi ya ɗan sace shi, Inna ta zare sakata ta fice, sai a bakin babban titi wani mai facin taya ya tare ta. Labari ya kai kunnen babbar 'yar, ta bugo waya ta ce ƙarshen mako za ta zo ta tafi da uwarta gidanta, inda akwai ƙofar ƙarfe da maigadi.

"Ban ga laifinta ba," ya ce. "Amma ni tun ina da baƙin gashi ban taɓa karya kumallo matar nan ba ta gabana ba. In aka tafi da ita, zaman me zan yi? Wata nas ta ce min masu irin larurarta, in aka ba su abin runguma, wasu kan natsu. In yarinyar nan ta zo ta tarar uwarta ta daina fita, wataƙila ta bar min ita."

Tausayi ya kama Maman Tsana, amma ranta bai kwanta ba. Yaro in an ba shi 'yar tsana ya san wasa ne. Wannan kuwa rufe idon babbar mace za a yi, matar da ta riƙe mata yara lokacin da take kwance a asibiti.

"Baba, in ta gane fa? Ka san Inna ba ta ɗaukar raini."

"In ta gane ni za ta zaga. Na saba, ai da zaginta na yi ƙiba."

Yana fita ta ture aikin mai shago gefe, ta ce a ranta ya yi ta kira, waya ce ba sanda ba. Ta zaƙulo wani yadi mai laushi, ta yanka jiki wanda ya ninka na sauran girma, ta hau keke. Kafin rana ta take ta cusa auduga ta ɗaga abin ta duba. Kyau dai ba a magana, amma tana ɗora shi a kafaɗa ta yi tsaki. Sakayau yake kamar filo. Macen da ta yi goyo ba a ruɗinta da ido, hannunta ne zai fara tona asiri.

Ta zagaya bayan gida ta ɗebo yashin da magina suka bari, ta tankaɗe, ta wanke, ta baza a faranti a rana. Da ya bushe ta ɗinke shi a ƙananan jakunkuna, ta farke bayan 'yar tsanar, ta cusa wasu a mazaunai, wasu a ciki, ɗaya a ƙeya, ta bar wuyan sako-sako yadda kan zai riƙa langaɓewa in ba a tallafe shi ba. Sannan ta leƙa ta katanga ta kira maƙwabciyarta mai jego.

"Aro min jaririnki."

"Aro kamar turmi? Me za ki yi da shi?"

"Awo zan yi."

Maƙwabciya ta zo da shi tana dariya, ta tsaya tana kallon Maman Tsana da ɗan mutum a hannun dama, ɗan tsumma a hagu, tana ɗaga wannan tana ɗaga wancan. Ta ƙara jaka ɗaya, ta sake gwadawa, ta rage rabi.

"Ikon Allah," in ji maƙwabciya. "Ki dai kula wanda za ki mayar min."

Saura fuska. Sauran 'yan tsanarta duk idonsu maɓalli ne, ƙuru-ƙuru, da baki har kunne. Wannan sai ta ɗauki baƙin zare ta ja mata ido a lumshe, ta yi ɗan baki ƙanƙane, don jariri mai barci ba a tambayar me ya sa ba ya motsi. Ta buɗe akwati ta ɗauko rigar jarirai da hular ulu na autarta, waɗanda ta ƙi bayarwa shekara da shekaru, ta saka mata. Maigidanta ya shigo cin abincin rana ya tarar da ita tana gyara hular, ya ja ya tsaya.

"A'a! Yaushe aka haihu ba a gaya min ba?"

Ba ta yi dariya ba, amma ta ji daɗin maganar. In har shi ya tsaya, to aiki ya yi.

Da la'asar ta naɗe 'yar tsanar a zani ta nufi ƙarshen layi. Tun daga ƙofa ta jiyo muryar Inna. Tana tsaye a tsakar ɗaki da mayafi, takalmi ɗaya a ƙafa, Baba Direba ya tare ƙofa yana lallashi.

"Matsa min, malam! Yarinya tana can tana kuka kai kana min surutu."

Maman Tsana ta yi sallama, ta buɗe baki za ta faɗi ƙaryar da ta shirya a hanya, sai ta fasa. Baba ne ya miƙo hannu biyu ya karɓa, ya tallafe kan da tafinsa.

"Innar yara, ga ta nan an kawo ta. Barci take, yi a hankali."

Inna ta miƙo hannu. Ta karɓa, ta ɗan jijjiga ta, ta zauna a bakin gado. Ta ɗaga hular ta leƙa, ta danna cikin da yatsa, ta bi wuyan da farce. Daga nan ta ɗago ta daɗe tana kallon mijinta, shi kuwa yana tsaye ya zuba mata ido.

"Ka tsaya kana kallona," ta ce. "Je ka ɗauko mata abin rufa mana."

Ya juya da sauri kamar yaron da aka aika sayen alewa. Inna ta jira sai da ya shige ɗaya ɗakin, sannan ta yafito Maman Tsana.

"Ke 'yar wace ce?"

"Ni ce, Inna, ta gidan can mai keken ɗinki."

"Ɗinkinki ne wannan?"

Maman Tsana ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta durƙusa. "Nawa ne, Inna. Ki yafe ni."

"Wuyan bai kamu ba, zai farke. Gobe ki zo da allura." Ta matso da bakinta kusa da kunnenta, ta rage murya. "Tsumma ce da yashi, ni ba yarinya ba ce. Amma kin ga tsohon nan? Kwanan nan kansa ba daidai yake ba. Ba ki ga yadda ya riƙo ta ba? Ya ɗauka mutum ce, bawan Allah. Kada ki kuskura ki gaya masa, ransa zai ɓaci."

Hawaye ya cika idon Maman Tsana, dariya kuma tana neman ƙwace mata, ta rasa wanne za ta tare. Inna ta zame mayafinta ta ajiye a gefe, ta tuɓe takalmin da ɗayar ƙafar.

"Da akwai inda za ni," ta ce, "amma wa zai bar shi shi kaɗai da wannan? Ya saɓa ta ya fita titi a yi mana dariya? Bari dai in zauna in riƙe masa."

Baba Direba ya dawo da tawul yana sanɗa. Ya ga mayafi a ajiye, ya ga takalmi a ƙasa, ya sunkuya yana lulluɓe jaririyar ya fi yadda ake buƙata, don kada a ga idonsa.

"A hankali mana," in ji Inna. "Za ka tashe ta."

Maman Tsana ta miƙe ta yi musu sallama. Tana bakin ƙofa Baba ya waiwayo ya ɗora yatsa a leɓe, alamar ta riƙe masa sirri. Ta bayan kafaɗarsa kuma Inna ta ƙifta mata ido, ita ma da yatsa a leɓe. Maman Tsana ta gyaɗa musu kai su duka biyun, ta ja musu ƙofa.