Ɗage ko Dage

…to da ƙugiya ne ko babu ƙugiya? Abin da Tchima ke son sani ke nan. Tana cikin bas daga unguwar Glenwood a Amurka, salula a tafin hannu, tana ta zuba wa saƙon ƙanenta Hassoumi ido: "Sun dage zama gobe."

Sun ɗage? In haka ne alhamdu lillahi, an fasa, Baba zai kwana a ɗakinsa. Ko sun dage — sun kafe, zama gobe ba fashi? Salular nan ba ta san ɗ ba, komai d take rubutawa. Shi kuma Hassoumi, malalacin banza, ko waƙafi ɗaya ba zai ɗiga ba, kamar zai ciji yatsarsa.

An rushe majalisa can gida. Baba depite ne, ɗan majalisa… a'a, ya yi depite; rigar kariya ta tafi tare da kujerar. Amma shi da wasu sun ce ba su yarda ba, zauren majalisar za su koma su zauna, ko da jandarmomi a bakin ƙofa. Mutum mai hawan jini. Mutumin da sai Inna ta tsaya a kansa yake shan magani. A can wa zai tsaya a kansa?

Tana kiran lambar Baba. Wata mata na ba ta haƙuri da Faransanci, babu rezo, layi ba ya shiga. Tana sake kira — matar ce dai.

Kuma duk duniya a ce ita wannan abu zai samu? Ita da ta ƙetaro teku ta zo jami'a tana tonon abu ɗaya: ikon sarkin Scotland na ɗage zaman majalisa. Wakilinsa ya miƙe ya ce sarki ya ce sai wata rana, shi ke nan, kowa ya kama hanyar gida. Har 1640. Ya sake ɗagewa, suka ce a'a, suka zauna ba sarki ba wakili. Ranar da ta fara karanta wurin, daɗi ya kama ta a laburare har da murmushi. A takarda abin yana da kyau wallahi…

A da Baba yakan tsokane ta, wai ta je Amurka karatun sarakunan da suka riga suka zama ƙasa. Makon jiya bai yi tsokana ba. "Tchima, mutanen nan naki da suka zauna, me aka yi musu?" Ta gaya masa gaskiya: yaƙi ya biyo baya, da sarauta ta dawo aka sare kan wani jagoransu, aka rataye wani. Tana jin kukan akuyar maƙwabta ta wayar. Sannan ya ce, "Amma dai sun zauna."

Tsoro take ji. Tsoro sosai. Matar da ke gefenta na cin dankali a takarda, ƙamshin man ya cika bas ɗin. Ɗage… bari ta riƙe ɗage. Ai akwai masu hankali cikinsu, akwai masu 'ya'ya ƙanana, wani zai ce a bari sai ƙura ta lafa — ba Baba ba, amma wani.

Bas ta shiga tasha, kowa na sauka. Za ta rubuta wa Hassoumi da Faransanci, inda kalmomin biyu ba su haɗa ko harafi ba. Tana buɗe saƙon, yatsarta ta zame ƙasa, ga ranar da aka turo shi.

Jiya. Kwana ya yi a hanya.

To goben Hassoumi yau ce. Can gida kuwa har an yi magariba… Direba na waiwayowa yana cewa nan ne ƙarshe, ita kuma tana sake danna lambar Baba.