Takun da Ke Bayan Attahiru

Attahiru ya yi gudun da ba nasa ba, gwiwarsa ta hagu kuwa ba ta yafe masa ba. Abin da ya faru ke nan a taƙaice. Amma duk wanda ya san mutumin sai ya tambaya garin yaya, don a cikin masu gudun safiyar Asabar ɗin nan in akwai wanda ba a taɓa ganin ya yi gaggawa ba, to shi ne.

Baduku ne a Ƙofar Marke, ya haura hamsin, zaman ɗinkin fata ya tara masa tumbi da hawan jini. Likita ya ce ya riƙa motsa jiki. Ya fara da tafiya yana waige kada a gan shi, tafiya ta zama sassarfa, sassarfa ta zama gudu, har ya faɗa cikin wasu mutane da ke haɗuwa bayan sallar asuba su zaga gari, su ƙare a teburin Siddiƙu mai shayi a Mabera. Da gwiwar ta fara kuka kamar tsohon ƙyaure sai ya koma wa likitan. Likita ya lallatsa ta ya ce, "Za ta ɗauke ka, amma a hankali. Ran da ka matsa mata, ran nan za ku rabu." Attahiru ya riƙe maganar nan gam. Gudun ya riga ya shiga ransa. Duk mako yana duƙe a kan fata da basilla, ran Asabar ce kaɗai yake jin iska ta ratsa shi har baya.

Yana da ma'auninsa, kuma ba ya gajiya da faɗarsa a bencin mai shayi.

"Ni hwa ban ga amfanin agogon ga naku ba," in ji shi, yana nuna samarin da ke duba hannu. "In kana gudu wani yay yi maka sallama, amsa mai ita dut, har wa barakatuhu, da numfashi guda. In kat tsaya rabi kana haki, to ka wuce gonarka."

"Ni ran da nit tahi gudun Abuja ko 'wa' ɗin ban iya hwaɗi," in ji Lawwali mahauci, abokinsa tun na ƙuruciya, wanda gudunsa wutar kara ce. "Anka jera mu, sai ga ni kusa da wasu yara 'yan Filato, ƙahwahu kamar karan dawa. Nic ce waɗanga ko guda ba ya yin kilo na tsoka. Anka busa, nib bi su. Wallahi har hoto anka ɗauke ni ina gaba."

"Sannan?"

"Sannan ƙahwahuna sunka ce, Lawwali, mu nan za mu sauka. Wata tsohuwa mai tallan ayaba taw wuce ni, da tire bisa kai, har tana yi min sannu."

Kowa ya yi dariya, ban da Attahiru. Shi ya matso ne. "Ina kaf fara jin shi? Ga ƙirji ko ga cinya?"

"Ga mutunci," in ji Lawwali.

Halinsa ke nan. Duk wanda ya dawo daga wani gudu mai nisa sai Attahiru ya titsiye shi: me ka ci, ina ka sha ruwa, a wace kwana ƙarfinka ya ƙare, me ka ji kafin ya ƙare. Yana son sanin yadda mutum ke lalacewa a hanya kamar yadda yake juya tsohon takalmi ya ga ta inda ɗinki ya fara saki.

Ana haka sai Jelani ya shigo ƙungiyar. Tela ne a Mabera, dogo, marar magana, kuma shi ne mijin Sadiyatu, 'yar farin Attahiru. To Attahiru ko sunan 'yar ba ya kamawa, balle ya zauna hira da mijinta. Tun da aka ɗaura auren abin da ke shiga tsakaninsu bai wuce "ina kwana Baba" da "lahiya lau" ba. Ranar farko Jelani ya tsuguna zai gaida shi, ya kama kwance igiyar takalmin gudu don ya tuɓe.

"Kai, bar takalman ga," in ji Lawwali. "Kahin ka kwance ka ɗaure rana ta hito."

Jelani ba ya shan shayi a gaban surukinsa, sai dai ya koma can ƙarshen benci ya juya baya. Allah ya taimaka, samari hanyarsu daban, dattawa tasu daban, ba su taɓa taka kwalta ɗaya a lokaci ɗaya ba. Labarinsa kawai Attahiru ke ji, wai yaron ba ya haki, wai in ya saki ƙafa sai dai a hango ƙeyarsa.

Bayan damina wata ƙungiyar masu motsa jiki ta shirya gudun zagaye gari, mai nisan da Attahiru bai taɓa yi ba. Ya sa sunansa. Ba ya neman na ɗaya ko na goma. Shi dai ya shiga da ƙafarsa ya fita da ƙafarsa, Asabar mai zuwa kuma a gan shi a hanya kamar kullum.

Aka busa usur da sanyin safiya. Lawwali ya cilla kamar an kunce ɗan akuya. Attahiru ya bar taron ya wuce shi, ya kama takunsa na kullum. Wani mai shago da ke buɗe ƙofa ya yi masa sallama, ya amsa ta har ƙarshe, numfashi bai ko girgiza ba.

Da jama'a ta ragu a hanya sai ya fara jin taku a bayansa. Shi mai sauraron taku ne. Na gajiyayye jan ƙasa yake, na mai gaggawa dukan ƙasa yake. Wannan kuwa mai sauƙi ne, taf, taf, irin na mutumin da ke da ƙarfi ya danne shi. Ya jira a wuce shi. Ba a wuce ba. Ya ɗan waiga.

Jelani ne, kansa a sunkuye, yana kallon kwalta.

Attahiru ya juyo da sauri kamar ya leƙa ɗakin da bai kamata ba. Me yaron nan yake yi a nan? Wurinsa yana can gaba cikin masu dogayen ƙafafu. Ko ciwo yake ji? Takun bai nuna ciwo ba. Ya raɓa gefen titi ya bar masa fili wanda mota ma za ta wuce. Takun ya raɓo gefen titi. Ya rage gudu har ya kusa zama tafiya. Takun ya rage.

Nan ya gane, ko ya zaci ya gane. Kunya ce. Yaron ba zai iya wucewa ya ba surukinsa ƙeya ba. Watakila cunkoson farko ne ya jefa shi baya, ya taho yana cin mutane ɗaya bayan ɗaya, sai ya ci karo da bangon da ba ya tsallakuwa. Ga yaro ya sha wahalar shiri, ga shi tsoho ya ɗaure shi kamar tunkiya a turke.

Kalma ɗaya ce maganin abin: wuce. Attahiru ya juya ta a baki. Ta yaya ake faɗarta? A waiga a dube shi? A kira sunansa? Bakin da bai taɓa kiran sunan ba ya ƙi buɗewa. Ya duba gaba ko zai hango Lawwali ya aika shi, ina, Lawwali ya yi nisa.

Sai ya yanke shawarar da ya ga ita ce mai sauƙi. Tunda yaro ba zai wuce ba, bari shi ya ɗan ƙara, asarar yaron ta ragu. Ya ƙara kaɗan. Takun ya biyo, taf, taf, bai ko canza sauti ba. Ya sake ƙarawa. Haka dai.

Gaskiya kuma a faɗe ta, ba tausayi kaɗai ke tura shi ba. Son sanin nan nasa ya motsa. Ina iyakar yaron nan? A wane gudu ne numfashinsa zai fito a ji shi? Ban da haka, shi kansa bai taɓa sanin ƙafarsa na da wannan a ɓoye ba. Ya wuce wani malamin makaranta mai agogo, ya wuce samari biyu da suka riƙe ƙugu. Iska na kaɗa masa riga. Abin da daɗi, ba ƙarya.

Wajen Ƙofar Atiku wani dillalin fata da ya san shi ya ɗaga murya daga bakin hanya. "Salamu alaikum, Attahiru!"

"Wa alaikum..." Sallamar ta maƙale. Ya ji ta maƙale, ya san abin da hakan ke nufi, shi da ya koya wa mutane. Gwiwar ma ta fara magana ƙasa ƙasa. Ya ce a ransa, bari mu kai waccan kwanar sai in rage. Da suka kai kwanar takun na nan, sai ya ce bari mu kai ta gaba.

Can suka tarar da Lawwali zaune a bakin kwalbati, takalmi ɗaya a hannu, yana fifita da shi.

"Attahiru! Kura tab biyo ka?"

Attahiru ya yi masa nuni da hannu, yana nufin ga yaron nan a baya, gaya masa ya wuce. Babu numfashin da zai yi bayani. Lawwali ya ɗaga takalmi ya mayar masa da gaisuwa. "Allah shi ba da sa'a! Ku gaida na gaba!"

Ba su yi nisa daga nan ba. Wurin wata 'yar gangara ce, Attahiru ya sauke ƙafar hagu, sai ya ji abu ya ce ɗas a ciki, kamar in ya ja zare da ƙarfi ya tsinke a cikin fata. Ƙafar ta naɗe. Ya zube a kan kwalta.

Takun ya tsaya. Jelani ya tsuguna a gefensa, idonsa a ƙasa. "Sannu Baba. Sannu Baba." Ya duba gabas ya duba yamma. An tare hanya saboda gudun, babu mota babu babur ɗin kabu-kabu, motar masu ba da agaji kuma tana can gaba. Ya juya ya ba shi baya ya durƙusa. Attahiru ya gwada tashi da kansa, ya ga taurari da rana tsaka. Ya hau.

Haka aka ratsa da shi unguwa, dattijo da furfura goye a bayan mijin 'yarsa, mata na leƙe ta zaure. Ya rufe ido. Amma kunnensa na manne da bayan yaron, kuma ko a cikin wannan azaba sai da ya kasa kunne. Numfashin na tafiya lafiya lau. Wani mai faci a bakin hanya ya yi musu sallama da jaje, Jelani ya amsa masa ita cikakkiya, har wa barakatuhu, da mutum a bayansa.

Sai da aka yi makonni kafin Attahiru ya sake zuwa teburin Siddiƙu, a bayan kabu-kabu, da sanda. Masu gudu sun dawo suna shan shayi. Jelani na can ƙarshen benci ya juya baya. Tambayar na cin Attahiru tun yana kwance, don haka ko zama bai gama yi ba ya dubi Lawwali.

"Tambaye shi mi yas sa bai wuce ba."

Lawwali ya juya. "Kai tela, an ce mi yas sa ba ka wuce ba."

Jelani ya amsa wa Lawwali, a hankali. "Kawu, ina zan wuce in ba Baba ƙeya? Kuma tun daga gida mai ɗakina tac ce min in bi shi, kar in bari shi ɓace min, saboda gwiwatai. Ban shiga don in ci ba."

"To da kag ga ya ƙara wuta hwa?"

"Na zaci tsarinai na. Kowa na cewa Baba ya san taku. Ni mamaki nike ta yi a baya, ina cewa ashe haka Baba yake da gudu. Na so in ce a rage, nig ga ba girmana ba na."

Lawwali ya ajiye kofinsa don kada ya zubar. Ya dubi wannan, ya dubi wancan. "Tsaya in gane. Kai kana gudu don ka ba shi hanya. Shi shina bin ka don shi tsare maka gwiwa. Kai ka kasa cewa wuce, shi ya kasa cewa rage." Ya kwashe da dariya har yana dukan benci. "Wallahi da ni da nib bi 'yan Filato na hi ku hankali. Ni ko ba komai an ɗauke ni hoto."

Attahiru bai yi dariya ba, bai kuma yi fushi ba. Yana juya abin ne yana duba ta inda ɗinkin ya saki. Can ya ce, "Tambaye shi, da munka kai Ƙohwar Atiku, ya fara jin wani abu? Ga ƙirji ko ga cinya?"

Lawwali ya tambaya. Jelani ya sunkuyar da kai. "Ban ji komi ba, Kawu."

Attahiru ya gyaɗa kai, kamar wanda aka cika masa wani gurbi. "To gaya mai, nan gaba in yag gan ni gabanai, shi wuce. Na yafe."

"Ina za shi gan ka?" in ji Lawwali. Maganar ta riga ta fita kafin ya kama ta.

Siddiƙu ya ci gaba da fifita wuta. Kowa a wurin ya san abin da likita ya faɗa bayan an ɗauki hoton ƙafar: tafiya da sanda, in Allah ya so wata rana ba sanda, amma gudu an gama.

Attahiru ya sa hannu biyu ya ɗago ƙafar hagun, ya miƙe ta a kan benci, ya ce a zubo masa shayi ba sukari.