Takardar Maƙeriya

Raini mugun hali ne, mafi muni kuma raina mace don kawai ita mace ce, ko da macen cikin labari take.

Duk Asabar da yamma mutum tara ke taruwa a shagona na ɗinki, su ture ƙyallaye gefe su karanta wani dogon labarin dodanni da ake sakawa a waya babi-babi. Dokarsu ɗaya ce: ba mai leƙa sabon babi kafin zama. Mai kemis na kusa da mu ne ke buga shi a takarda, don shi ke da inji, ya raba wa kowa maganganun wanda yake karantawa. Shi ya ɗauki Yarima. Jikata ta ɗauki Maƙeriya, matar da ke ƙera takubban yaƙi.

Yarinyar nan tana da i'ina tun tana ƙarama. Gaisuwa ma sai ta yi gumi. Amma in ta shiga muryar Maƙeriya, harshenta sai ya miƙe kamar zare a allura. Ranar da na fara jin haka, sai da na tsayar da keke na goge ido.

Mai kemis kuwa ya tsani Maƙeriya. "Wannan mata ta cika iyayi," in ji shi. "Mace da guduma! Ta koma kicin mana, ta bar maza su yi yaƙi." Haka yake rubutawa a rukuninsu na waya da yake shugabanta, wasu na taya shi dariya. Jikata tana gani.

Ranar babban babi, wanda za a kashe dodon, ya raba takardu. Ta jikata layi biyu ne kacal: "To, ranka ya daɗe," sai "Allah ya ba ka sa'a." A kan na farko harshenta ya kakare. Ta sunkuyar da kai, ta ce da ni a hankali, "Kaka, na d-daina zuwa."

Mai kemis ya gyara murya ya ci gaba, Yarima ya ɗaga guduma da hannun dama ya fasa kan dodo.

"Dakata, maigida," in ji mai aski, ɗaya daga cikin taran. "Wane hannu?"

"Na dama mana."

"Wanda dodon ya cinye makon jiya? Ko a kemis ɗinka aka sayo masa sabo?"

Shago ya ɗauki dariya. Wata nas da ke karanta muryar dodon ta zaro waya. "Yau dai doka ta yi haƙuri," ta ce. Ta duba, ta ɗago. "Maƙeriya ce ta kashe ni, ba kai ba. Shafi uku ka sace mata."

"Gyara na yi! Labarin ya fi daɗi a haka."

"Wa ya aike ka?" na ce masa. "Ka taɓa ganin na sake wa mutum wuyan riga don ni bai yi mini ba?"

Nas ta miƙa wa jikata wayar. "Tashi, ƙanwata, zo ki kashe ni yadda ya kamata."

Ta tashi ta karɓa. Ta karanta shafi ukun nan ba tuntuɓe ko ɗaya. Nas ta zube kan buhun ƙyallaye tana kururuwar mutuwa, har mai shayi ya leƙo ya ga ko lafiya.

Har gobe ina gode wa mutanen nan biyu. Mai aski ba ya biyan kuɗin facin wando a wurina, nas kuma na ɗinke mata rigar aiki biyu. Jikata yanzu ita ke gaishe da masu kawo ɗinki.

Mai kemis kuwa, an karɓe buga takarda daga hannunsa, an sauke shi daga shugabancin rukunin waya, an ba wani direban bas daga cikinsu muryar Yarima. Kujerar da ya saba zama a bakin ƙofa ma, nas ke zama a kai.