Liman Ba Ya Gudu

"Move! Move!" Baturen aiki ya daka tsawa yana buga jikin gingimari da tafin hannu. Maiwada ya juya wajen matan da ke tsaye da ƙullin kaya, ya ce, "Iyayena, a taimaka a hau, rana na yi."

Aikinsa ke nan tun da aka fara ginin madatsar Bakolori, tafinta. Bokonsa aji huɗu ne a Talata Mafara, sauran Turancin a bakin aiki ya tsince shi. Wane irin Turanci kuwa! Run, rush, hurry up, clear out, get going. Kalma ta fi goma, kuma dukansu kora ce. Shekara biyu bai taɓa jin yadda ake cewa "zauna ka huta" daga bakin mutumin nan ba. Maiwada ke tare kalmomin, ya wanke su, ya sa musu riga, sannan ya miƙa wa mutane. Ƙauye huɗu aka kwashe da bakinsa.

Yau layi ya zo kan garinsu, Tungar Gawo, can gefen Maradun, inda ruwa zai cinye kafin damina ta wuce. An loda gadaje da turame da awaki, mata da yara sun hau. Saura mutum ɗaya, Liman, mahaifin Maiwada. Tun hantsi ya tafi maƙabarta yin bankwana da iyayensa da matarsa.

Ga shi can yana tahowa da sandarsa, taku ɗai-ɗai. Shekara arba'in yana jan salla a garin nan, ba mahalukin da ya taɓa ganin ya yi gudu. Ruwan sama in ya tarar da shi a hanya, jiƙewa yake yi.

Bature ya dubi agogo. "Tell him to run!"

Maiwada ya ɗaga murya, "Baba! Wai a ɗan ɗaga ƙafa!"

Liman bai ƙara ko taku ɗaya ba. Sai Bature ya shige gaban motar, ya yi wa direba alama da yatsa, gingimari ta fara gusawa a hankali. Maiwada ya san wannan wasan. Mota za ta riƙa jan jiki, tsoho ya ga za a bar shi, ya tattare riga ya ruga, rawani na warwarewa, leburori na dariya. Sau uku ya gani a wasu ƙauyukan. Sau ɗaya ma, Allah ya gafarta masa, har da shi aka yi dariyar.

Inna Taibatu, ƙanwar Liman, ta leƙo daga saman kaya. "Kai Maiwada, mi mutumin ga ya ce? Kada ka shafa mini mai a baki, faɗa mini yadda ya faɗa."

"Cewa ya yi Baba ya yi gudu."

"Innalillahi! Liman? A gaban matan gari da jikokinsa? Sun ci gonarsa, sun ci gidansa, kabarin uwarka ma ruwa za su sakar wa, bai ishe su ba sai sun ga ƙwaurinsa? Kai kuma kana tsaye da wannan hular kamar an kifa maka kwano!"

Ran Maiwada ya ɓaci har idonsa ya kawo ruwa. Ya bi gefen motar yana roƙo, "Wait, sir, please." Ya so ya gaya wa mutumin nan wane ne ke tahowa, ya lalubi Turancinsa kaf. Na korar mutum ga su nan birjik, na mutuncin dattijo ko ɗaya ba a koya masa ba.

Bature ya leƙo ta taga, ya ce ko tsohon ya rugo, ko shi ma Maiwada ya kama gabansa, aiki ya ƙare.

To, ya ƙare mana! Maiwada ya tuɓe hular kwanon ya jefa cikin motar. "Inna, miƙo mini gafakar littattafansa da buta." Ta miƙo. Direba ya taka mai, gingimari ta miƙe hanya, muryar Inna Taibatu na tashi tana tsine wa dam da wanda ya kawo shi. Sabon matsugunin mil tara ne daga nan.

Maiwada ya sheƙa da gudu wajen mahaifinsa, gafaka na dukan bayansa, ya iso yana haki.

Liman ya tsaya, ya dube shi sama da ƙasa. "Lafiya? Wa ya biyo ka?"

"Baba, motar ta tafi."

"Na gani, ai ba makaho ba ne ni. Shi ne kake gudu haka, magidanci da kai, mutane na kallo? Gyara rigarka."

Maiwada ya gyara riga, ya saɓa gafaka. Suka kama hanya. Sau biyu yana wuce tsohon ba da saninsa ba, sai ya tsaya ya jira shi.