Ɗigon Ruwa a Sabuwar Motar Wahabu

A Zangon Kumasi, duk wanda zai je karɓo sabuwar mota daga kamfani ni yake fara nema. Mutala Fita, wato makaniki, ake ce mini a Race Course, inda rumfar gyarana take, wasu kuma su ce Masa, wato maigida. Ba don daɗin zama ake nemana ba, kowa ya san halin bakina. Ana nemana ne don shekara ashirin da biyu ban taɓa barin wani ya sa hannu a takardar karɓa ba alhali motar na da aibu. In na ga matsala, a bar musu kayansu su gyara. Da ka sa hannu ka fita ƙofa, ciwon ya zama naka.

Wahabu, mai goro a unguwar Akwatialine, wata takwas yana jiran motarsa. Ba ta tashi isowa ba sai ana saura kwana biyar wa'adin da gwamnati ta ba baƙi marasa takarda ya cika. Ƙarshen Nuwamba ne, 1969, ana cikin azumi. A Kumasi aka haifi Wahabu, amma ubansa mutumin Doso ne can Nijar, kuma ba wanda ya taɓa tunanin mutum na bukatar takarda ya zauna a gidan da aka yanke masa cibi. Ni kakannina 'yan Salaga ne, nan cikin ƙasar, dokar ba ta shafe ni ba. Nawa kallo ne, kuma kallon ya gajiyar da ni.

Ya same ni a rumfa da hantsi, ko zama bai yi ba.

"Masa Mutala, mota ya zo. Mu je ka duba mini."

"Yanzu kuma me za ka yi da mota, Malam Wahabu? Mutane na ta sai da nasu."

"Mma," ya ce. "Ka ga yadda ake cusa mutane cikin lori. In na sa ta a ciki, ba za ta kai Yeji ba."

Na gani kuwa, tashar na gaban rumfata. Ana loda mutane a tsaye, kan katifu da tukwane. Mma Hadija, uwar Wahabu, ta haura tamanin, ƙafafunta sun kumbura, ko bayan gida sai matarsa Barkisu ta riƙa ta. Kujerar gaba yake so mata, inda za ta zauna ta jingina. Daga Kumasi zuwa Doso kuwa ya fi mil ɗari bakwai.

Na ɗauki takardar buhun siminti na ninke, muka tafi.

Motar na tsaye a farfajiyar kamfanin, ƙaramar motar kaya mai buɗaɗɗen baya, fara, kujeru a lulluɓe da leda. Akawun wurin, wani ɗan ƙabilar Asante mai ɗaure da laktaye, ya fito da takardu da alƙalami a hannu. Da ya gan ni sai fara'arsa ta ragu. Mun san juna.

Na fara daga inda na saba. Na gwada lambar inji da ta jikin mota da abin da ke rubuce a takarda, harafi bayan harafi. Na zagaya ina kallon fenti ta gefe, don a haka ake gane inda aka buge a jirgin ruwa aka shafe. Tayoyi huɗu iri ɗaya ne. Safaya na nan, amma ba iska, na sa aka hura. Jak na nan, hannunsa babu, akawu ya aika aka zaro na wata motar yana gunaguni. Na zaro sandar baƙin mai, na leƙa ruwan batir, na taka birki na riƙe in ji ko zai nutse. Fitilu, hon, abin share gilashi, duk suna aiki. Wahabu na bina a baya, leɓɓansa sun bushe, yana ta duban rana.

Sannan na shimfiɗa takardar simintin a ƙarƙashin inji, na tayar, na ce kowa ya yi haƙuri na minti ashirin. Wannan ne abin da akawun ya tsana a aikina. Sabon inji yana da baki mai daɗi, amma takarda ba ta rufa masa asiri.

Da na jawo ta, ga tabo uku a jere, kowanne kamar kwabo. Na taɓa, na shinshina. Ruwa ne. Na kwanta ƙasa na leƙa, na ga ɗigon yana taruwa a gindin famfon da ke zagaya ruwa cikin inji, ya yi nauyi, ya faɗo. Wani ya biyo shi.

Na daɗe a kwance a wurin fiye da yadda aikin ke bukata. Wallahi ban so tashi ba.

"Famfon ruwa na yoyo," na ce wa akawu. "A canza."

Bai yi gardama ba, ya ga takardar. "Babu shi a sito, Masa. Sai daga Akra. *Two weeks.*"

"Cire na wata motar, yadda ka cire hannun jak."

"Irin wannan guda ɗaya ya zo." Ya juya wajen Wahabu. "Papa, *mepa wo kyɛw*, don Allah, ka bar shi nan, mu gyara. In ka fita da shi haka, ka sa hannu ka gani ka yarda."

Na ja Wahabu gefe, ƙarƙashin wata bishiyar mangwaro.

"Gaya mini gaskiya," ya ce. "Zai kai?"

"Ban sani ba. Irin wannan yoyo yakan yi wata shida yana ɗiga haka. Yakan kuma fashe gobe. In ya fashe, inji zai ƙone. Ga shi sabo, ba a sake shi ba, bai kamata ya ɗau kaya mai nauyi ba sai ya yi mil ɗari biyar. Kai kuma gida guda za ka ɗora masa."

"In kai ne fa?"

"In ni ne ba zan sa hannu ba. Ban taɓa bari an sa ba."

"Ba wannan na tambaye ka ba, Masa. In Mma ɗinka ne."

Haushi ya kama ni, na rasa wanda zan ji haushinsa. Sanin da nake taƙama da shi duk na mai lokaci ne, na wanda zai iya juya baya ya dawo bayan sati biyu.

"Je ka sa hannu," na ce.

Akawu ya cike takardar garanti, ya zo layin adireshi ya ɗaga kai. Wahabu ya juyo ya dube ni. Gidan Akwatialine ya riga ya ba wani maƙwabci ajiya, Doso kuwa bai taɓa taka ta ba. Na ce a rubuta rumfata.

Kwana biyun da suka biyo baya na yi abin da zan iya. Na zagaya duk masu kayan gyara daga Race Course zuwa Dichemso, babu famfon. Na ɗaura masa galan shida na ruwa a baya. Na koya masa ya riƙa tsayawa duk mil ashirin, ya jira inji ya huce kafin ya taɓa murfin lagireto, kada ya wuce mil talatin a awa ko da ana korarsa. Na sa aka sauke gadon ƙarfe da keken ɗinkin Barkisu, ta yi kuka, ta zage ni, na ƙyale ta. Ranar tafiya ni na ɗauki Mma Hadija na sa ta a kujerar gaba. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Ta shafa ledar kujerar ta ce, "Mutala, ka duba ta da kyau?" Na ce, "Na duba, Mma."

Bayan sallah wani direban lori, Dramani, ya dawo daga arewa. Ya ce ya ga farar mota gaba da Bolga, a gefen hanya, bonet a buɗe. Ya ga Wahabu yana tafe a ƙasa da galan biyu, tsohuwa na zaune a gaba.

"Ruwa yake ƙarawa, ko lalacewa ta yi?"

"Ban tsaya ba, Masa. Mutum sittin ne a bayana."

Na ƙara tambayarsa sau uku, ta hanyoyi daban-daban, har ya gaji da ni ya tashi.

A watan Fabrairu wasiƙa ta zo rumfata daga kamfanin, da sunan Wahabu. Suna farin cikin sanar da shi cewa famfon ya iso daga Akra, ya kawo motar a ɗaura masa kyauta. Na je na karɓo famfon da kaina, akawun bai tambaye ni komai ba. Tun daga ranar duk direban da zai nufi arewa sai na tare shi, in ce ko zai kai saƙo Doso. Sai ya ce, "Wajen wa, a wace unguwa?" Ni kuwa ban sani ba.