Dutsen Da Ya Goce

Dutsen ya goce ne a daidai lokacin da Mai Kifi ya tura hannu zai kankare gansakuka a bayansa, cikin tankin kifin asibiti. Ya tare shi da tafuka biyu, ruwan gishiri har kafaɗa, yana tsaye a kan matakin ƙarshe na tsani. Tsakanin bakin dutsen da gilashin gaba bai fi faɗin yatsu uku ba. A gindin gilashin kuwa kujeru ne jere, cike da masu jiran ganin likita.

Shekara talatin da ɗaya yana haɗa tankunan kifi a asibitoci da ofisoshi, bai taɓa liƙa dutse da gam ba. Maigidan da ya koya masa sana'a ya horar da shi cewa dutse shi ke riƙe ɗan'uwansa, muddin mai ɗorawa ya san nauyi. A kan wannan ƙa'ida ya jera duwatsun tankin nan, shekara tara da suka wuce.

"Ke," ya ce, bai ɗaga murya ba. "Zo nan."

Babbar 'yarsa ce, wadda ta shekara goma tana aiki tare da shi. Ta ajiye bokiti, ta dubi dutsen, ta dubi kujerun, sannan ta je ta yi wa shugabar ma'aikatan jinya raɗa. Aka shiga tayar da mutane a hankali.

Wani dattijo mai sanda ya tsaya yana kallo. "Malam, wanka kake yi ko su?"

Aka riƙe hannun dattijon, aka matsar da shi.

"Baba, a ɗaga shi waje mana," in ji 'yar da ta dawo.

"Ba ya ɗaguwa. Na sama biyu a kansa suke. In ya fita, duk su zubo."

"To, sai abin nan da ke jakata."

Ya san abin. Gam ne mai kama da ƙullu, launi biyu, wanda ke daskarewa a cikin ruwa. Sau uku tana kawo masa maganarsa, sau uku yana cewa aikin ragwaye ne. Yanzu kuwa kafaɗunsa sun fara zafi, kuma rawar nan da hannunsa na dama ya ɗauka tun watanni huɗu, wadda yake ɓoyewa a aljihu, ta fito fili. Ruwa ba ya rufa asiri: kan tankin sai ɓari yake yi.

"Minti nawa yake ɗauka?"

"Ashirin, in ba a motsa ba."

"Murza."

Ta yanko guntu, ta yi ta murzawa har launukan biyu suka zama ɗaya. Ta hau kujera a ɗaya gefen, ta naɗe hannun riga, ta cusa ƙullun a ƙarƙashin dutsen, ta danna da babban yatsa. Ta ƙara na biyu, ta ƙara na uku. Ruwan ya ɗan yi fari.

A nan ne wani kifi mai ƙayoyin dafi ya fito daga raminsa. Ya baje ƙayoyinsa, ya taho sannu a hankali, ya tsaya dab da wuyan hannun Mai Kifi.

"Kada ka motsa, Baba."

"Ni za ki koya wa halinsa? Tun yana kamar yatsa na kawo shi nan."

"Shi ya sa ya zo gaisuwa."

Bai yi dariya ba. Dutsen ya ɗan zame, ya yi ƙara a kan na ƙasa. Ta ɗora tafinta a bayan hannunsa na dama, ta danne. Rawar ta ratsa har cikin nata hannun, amma idonta na kan agogon bango. Kifin ya zagaya su sau biyu, ya gaji, ya koma.

Da minti ashirin suka cika, ta ƙara biyar, sannan ta taɓa gam ɗin da farce. Ya yi tauri.

"Saki, Baba."

Ya yi niyyar saki, yatsun suka ƙi buɗewa. Ta shiga ɓamɓare su daga jikin dutsen ɗaya bayan ɗaya, a ƙarƙashin ruwa, inda ba mai gani. Dutsen ya zauna daram.

Ya sauko daga tsani da ƙyar. Shugabar ma'aikatan jinya ta miƙo masa tawul da takardar sa hannu.

"Sannu da ƙoƙari, Malam. Mako mai zuwa ranar da aka saba?"

Ya karɓi tawul ɗin, ya goge hannayensa a tsanake. Takardar kuwa bai taɓa ta ba.

"Ba ta ita," ya ce. "Ita za ta riƙa zuwa."