Baffa Ilu da Kogin da Ya Ƙone

Jiya da dare, ina ajiye kai a matashi, na yi wani mafarki. Na gan ni a wani gari inda inuwa ke yin gaba, mai ita yana biye da ita yana ba ta haƙuri. Ina sanye da baƙar rigata ta lauya, kowa na ce mini "sannu da haƙuri" tun ban san abin da ya faru ba.

Ashe kogin garin aka ƙone. Ya ci wuta ƙurmus, kifaye sun koma zama a randunan mutane. Wanda ake tuhuma kuwa Baffa Ilu ne, ƙanin mahaifina, mai shayin bakin tasha.

Majistaren garin ƙadangare ne. Yana kwance a kan tebur, duk wanda ya yi magana sai ya gyaɗa masa kai. Ɗan sanda mai gabatar da ƙara kuma hula ce a kan kaki, ba kowa a ciki. Hular ta jera hujja uku. An tsinci takalmin Baffa a bakin kogi. Ya sayi ashana da safiyar ranar. Sannan bara an ji ya ce ruwan kogin nan ya cika sanyi.

Na miƙe na ce, "Ranka ya daɗe, wa ya gan shi yana ƙyastawa?"

Hular ta ce, "Ba wanda ya gan shi. Shi ya sa muka tabbatar. Mai laifi ne kaɗai ke ɓuya."

Ƙadangare ya gyaɗa mata kai. Na ce zato ba shaida ba ne, ni ma ya gyaɗa mini kai. Sai ya ɗauki hujjojin nan uku ya tufka su a cinya, suka zama igiya, ya ɗaure Baffa. Ya ba da umarni a tura shi Babbar Kotu, ya jira a gidan yari har ranar shari'a ta zo.

"Yaushe za ta zo?"

"Tana hanya," in ji shi. "Ta tsaya gaisuwa."

A ƙofar kotu dangi sun shimfiɗa tabarma suna cin gyaɗa. Na ce zan je in ƙalubalanci umarnin nan. Suka ce, "Kai dai ɗan boko akwai gaggawa. A bar wa Allah." Na ce Allah bai ce a ɗaure bawa da igiyar zato ba. Suka matsa mini wuri a tabarmar.

Babbar Kotu a cikin rijiya take. Na yi ta sauka, na yi ta sauka, har na iske gajimare. Mai shari'a wata tsohuwa ce, zaune a kan turmi tana tankaɗe gari. Ban san lokacin da kowa ya iso ba, sai ga ƙadangare, ga hula, ga mutanen gari.

Na kira takalmi ya ba da shaida. Ya shigo shi kaɗai, yana jan maɗaurinsa.

"Ranki ya daɗe, ranar Juma'a Malam Ilu ya cire ni a ƙofar masallaci. Da aka idar wani ya zura ni ya wuce, shi ma Malam Ilu ya zura na wani, yadda aka saba. Daga ranar zuwa yau na yi ƙafa tara."

"Wacce a ciki ta kai ka kogi?" in ji tsohuwar.

"Ni ƙasa nake kallo, ranki ya daɗe."

Na roƙi a kawo igiyar. Na ce in ta gaskiya ce, mutum ɗaya tak za ta kama, ta bar saura. Na wurga ta tsakiyar kotu. Ta kama duk mai sayen ashana. Ta kama duk wanda ya taɓa komowa daga masallaci da takalmin wani. Ta kama duk wanda ya taɓa tsaki saboda sanyin ruwan alwala. Ba ta bar kowa ba, har ƙadangare, wanda ke gyaɗa kai daga cikin ƙulli.

Tsohuwar ta karɓi takardar umarnin ta zuba a rariya. Kalmomin suka yi ta zuba ƙasa kamar gari, kaji suka tsince. Sunan Baffa ne kawai ya rage. Ta hure shi, ta ƙunshe a ganye, ta miƙo mini.

"Kai masa abinsa. Kada ka bi ta rana, narkewa yake yi."

Gidan yarin ba katanga. Layi ne aka ja da gawayi a ƙasa, mutane na zaune a ciki, wasu sun naɗe gemunsu sun zauna a kai. Baffa na tsugune yana fifita tukunyar shayi, ba wuta a ƙarƙashinta.

"Baffa, taso. An soke umarnin."

"Wa ya soke?"

"Babbar Kotu."

"Shi ƙadangaren ya sani? Kada ransa ya ɓaci, ɗan nan. Mutumin kirki ne. Duk abin da na faɗa sai da ya gyaɗa mini kai."

"Baffa, layi ne kawai! Ɗaga ƙafa ka tsallako!"

"To, to. Bari dai ruwan ya tafasa."

Ganyen ya fara ɗiga ta tsakanin yatsuna. Na buɗe baki in yi ihu, sai wani sauti ya fito a maimakon muryata, shar, shar, shar.

Na buɗe ido. Tsintsiya ce. Inna ce ke share ƙofar ɗakin Baffa, kamar yadda take yi kowace safiya wata goma sha huɗu ke nan, tun da aka tsare shi. Na tashi na goge baƙar rigar. Ƙarfe tara za a kira ƙararmu.